Kurakuran da Muke Yi da Murya Wajen Yabon Ubangiji

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke sauka a Gombe, kuma a daidai wannan lokaci ne waƙa ta fi yawa a majami'unmu: godiyar kaka, Kirsimeti, addu'ar shiga sabuwar shekara, ga bukukuwan aure. Kafin tsakiyar Janairu, sai ka tarar muryar mawaƙa da dama ta dushe, daga Billiri har Kaltungo. Ana ɗora wa ƙura laifi, tana kuwa da nata, amma mafi yawan ɓarnar mu muke yi wa kanmu.

Babban kuskure shi ne ɗaukar ihu a matsayin yabo da zuciya ɗaya. Za ka ga matashi riƙe da makirufo, jijiyoyin wuya sun tashi, fuska ta haɗa zufa, yana matso sauti daga maƙogwaro. Niyyarsa mai kyau ce, ba shakka. Sai dai murya tana fitowa ne daga wasu tantani biyu masu laushi a maƙogwaro, waɗanda iskar huhu ke kaɗawa. Idan aka matsa musu, sai su kumbura, in abin ya daɗe har ƙulli ya fito musu. Ƙarfin waƙa daga numfashi yake. Ka ɗora hannu a ciki, ka ja iska har ka ji cikin ya taso ba kafaɗu ba, sannan ka saki sautin a hankali. In mai ganga ko mai jita ya rufe ka, a roƙe shi ya sassauta, a rage lasifika. Ba kai za ka ƙara ihu ba.

Wannan ya kai mu ga masu ba da waƙa. Sau da yawa jagora yakan ɗauko waƙa a inda muryarsa ta fi daɗi, can sama, sai dattawa da iyayenmu mata su yi shiru don ba za su kai ba. Daga nan sujada ta koma kallo. Abin yana damuna ƙwarai, domin Kolosiyawa 3:16, da ta ce a raira wa Allah waƙoƙi, da dukan ikilisiya take magana, ba da mawaƙa kaɗai ba. Ku lura da Zumuntar Mata: ɗaya ta bayar, saura su amsa, tulu da kacau-kacau na tafiya a ƙarƙashin murya, har yaro na iya shiga amshin. A wajen koyon waƙa, a gwada da mai muryar da ta fi ƙasa. In ya kai ba wahala, jama'a ma za su kai.

Akwai kuma haɗiye kalmomi. Bulus ya ce zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi da hankali (1 Korantiyawa 14:15). In wanda ke bencin baya bai ji abin da ake faɗa ba, da me zai ce amin? Kafin a sa wa baiti karin waƙa, a karanta shi da baki tare, a buɗe baki sosai, a fahimci ma'anarsa. Makirufo kuma kada a manna shi a leɓe.

Batun kula da maƙogwaro ba shi da wuya. A riƙa kurɓar ruwa tun daren Asabar, ba sai an hau bagadi ba. Kada a tashi daga barci a faɗa wa babbar waƙa. A fara da gunguni mai laushi na ɗan lokaci, baki a rufe. Mai hawa babur da asuba ya rufe hanci da baki. In murya ta dushe, yawan gyaran murya da raɗa ba sa taimaka mata, hutu take so. Ɗan'uwa, zama a benci Lahadi ɗaya ba ja da baya ba ne. Idan dushewar ta wuce mako uku, a je asibiti a ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Kuskure na ƙarshe na masu cewa "ni ba ni da murya" ne, su naɗe hannu har a gama. Zabura 150 ta kira duk mai numfashi ne ya yabi Ubangiji. Ka tsaya kusa da wanda ya iya waƙar, ka fara da amshi, ka bi shi a hankali har baitocin su zauna maka.