Yadda ake jan cefane ya kai ranar fita a lokacin kulle

Kullen korona ya fara a Kano ranar 16 ga Afrilu, 2020, ana tsakiyar zafin bazara, bayan mako guda kuma azumi ya kama. Da aka sassauta a farkon Mayu, rana biyu kacal aka bayar a mako, Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, aka buɗe kasuwannin Yankaba da 'Yan Lemo. Ba marasa kuɗi kaɗai suka ji jiki ba. Gidaje da yawa sun jibgo kayan miya, ga zafi ga rashin wuta, kafin kwana biyu rabi ya ruɓe. Idan irin wannan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, ga yadda uwargida za ki yi.

Tun daren jajibirin fita ki auna abin da ke gida da kwanon awo, ba da ido ba. Ki san kwano nawa na shinkafa ko garin tuwo gidanki ke ci a rana, sannan ki rubuta wa maigida abin da ya ƙare. Idan ranakun fita irin na wancan karon ne, cefanen Alhamis ya fi na Litinin nauyi, domin shi zai yi kwana huɗu. Mutum ɗaya ya isa ya fita, da takunkumi, kada a bi shi da yara. Maganin mai hawan jini ko ciwon suga ya zama farkon abin da za a rubuta, sai gawayi ko gas.

A kasuwa a sayo busasshe ya fi ɗanye yawa: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, barkono, busasshen tumatir, wake da gero. Ɗanye kuwa a sayo daidai na kwana biyu.

Babban aikin yana farawa ne da dawowar maigida daga kasuwa, kuma a ranar ake yin sa komai gajiya. Ki wanke tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, a kai markaɗe kafin ƙarfe huɗu ta yi mai inji ya rufe. Ki ɗora a wuta ba murfi, ya yi ta tafasa har ruwan ya tsotse, ya yi kauri. Sai ki soya da mai isasshe yadda man zai taso ya rufe saman. Safe da yamma ki riƙa ɗumama shi har ya tafasa sosai, ki kuma ɗiba da busasshen ludayi, don ɗigon ruwa ko hannun yaro ya isa ya sa shi tsami. Nama ki tafasa da gishiri ki soya ya bushe. Albasar da ta rage a baza ta a inuwa inda iska ke shiga. A leda take ruɓewa.

Sai tsarin ci. Alayyahu, latas da kifi a fara da su. Miyar ja ta biyo baya. Kuka, ɗanwake da fate su jira ƙarshen zango, su ba sa gaggawa. A ganina nan ne aka fi yin kuskure, ana ajiye mai daɗi don gobe, goben ta zo ya lalace.

Ruwa kuma, duk ranar da ɗan garuwa ya leƙo layi ki cika randa da jarkoki, ki ware buta da sabulu a zaure don wanda ya dawo daga waje ya wanke hannu kafin ya taɓa kowa.

Idan kina awon tuwon dare, ki ƙara rabin kwano. A kowane layi akwai mai ɗinki, ɗan dako ko mai adaidaita sahu da sai ya fita yake samu, kuma kunya ba za ta bar matarsa ta aiko ba. Ki miƙa ta katanga kafin a sha ruwa.