Yadda ake daidaita soket ɗin ƙafar roba idan dungu ya rame ko ya kumbura

Duk mai ƙafar roba ya san wannan, da safe ka zura dungu ya zauna ɗas a soket, wato kwanson ƙafar robar da dungu ke shiga ciki, kafin la'asar sai ka ji ƙafar na lilo kamar takalmin aro. Ba ƙafar ce ta lalace ba fa, dungun ne ke canza girma. Tafiya na matse ruwan da ke cikinsa, azumi na ramar da shi, zafi da yawan gishiri a miya su kumbura shi, masu ciwon suga da masu wankin ƙoda kuwa nasu ya fi na kowa sauyawa. Shekarar farko bayan yankewa ma ba a magana.

Da farko ka gane alamar. In ƙasan gwiwa aka yanke kuma ka ji ƙarshen ƙashin ƙwauri na dungurar gindin soket, ko ƙafar kamar ta gajarce, to ramewa ce. In dungun ya ƙi shiga har ƙasa, kumburi ne, sai ka rage safa.

In ramewa ce safa za ka ƙara. Safar dungu kauri-kauri ce, akwai mai lamba 1, 3 da 5, ka fara da 1 kar ka yi zumuɗin ɗora mai kauri. A kan layinar silikon, wato rigar roba mai laushi da ake sa wa dungu a kan fata, ake sa ta ba a ƙarƙashi ba, ka ja ta ta miƙe sosai don ɗan ninki ɗaya ya isa ya ɗaye maka fata kafin yamma. Ka riƙa yawo da guda biyu a aljihu, ni dai a ganina wannan ya fi komai sauƙi.

Masu soket mai maɓallin murɗawa irin su RevoFit, su aikinsu ya ragu. Zauna, ja maɓallin waje igiyar da ke matse soket ɗin ta saki, zura dungu, danna maɓallin ka murɗa kaɗan-kaɗan, sannan ka tashi ka yi taku goma ka ji. Ya kama amma ban da zugi ko sagewa. In za ka daɗe zaune a mota ka ɗan sassauta shi.

Da dare cire ƙafar ka duba fatar da madubi har ƙasan dungun, musamman in suga ya rage maka jin ciwo. Ja ko duhun da ya wuce minti 20 bai baje ba, wurin na matsuwa. Wanke, bari ya bushe, ka sa safar matsi ko bandeji.

Jimillar lambobin safar da ka ɗora ta kai 10 kana ta ƙari? Koma wajen wanda ya yi maka ƙafar ko sashen ƙafar roba na asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, su yi ciko ko su sake awo. Don Allah ban da cusa tsumma ko soson katifa, ban da gasa soket a wuta wai don ya buɗe.