Ga masu shiga ruwan Lagdo a wannan bazarar

Salamu alaikum 'yan uwa masu su da masu sarin kifi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu zafin Garwa, babban birnin da ke kusa da tafkin Lagdo a arewacin Kamaru, kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne hadari ke yi wa mutum ba-zata a tsakiyar ruwa.

Idan da rana iska ta tsaya cak, gumi na tsiyaya ko a inuwa, ku riƙa duban gabas, don daga can hadarinmu ya fi tasowa. Gajimare ya yi baƙi daga ƙasa, sannan ka ji wata iska mai sanyi a bayan wuya, to ka nufi gaɓa. Iskar tana riga ruwan sama isowa, ita ce ke tayar da igiyar da ke kifar da kwalekwale. Bara ƙanena ya tsaya jan koma ɗaya tak, sai da ya zubar da rabin kifinsa kafin ya kai tudu.

Ku fita da asuba, ku dawo kafin la'asar. A rage lodi, waya a ɗaure cikin leda, yaron da bai iya iyo ba ya zauna gida.

Masu duba hasashen yanayi a waya kuma, ku tabbata Garwa kuka saita. Na ga wani yana karanta na Duwala, alhali can bakin teku ne, damina ta riga ta kankama.

Kifin da ba shi da ƙanƙara, a yi bandarsa ranar, kada ya kwana.