Bushewar baki bayan gashin cutar kansa: kurakuran da na gaji da gani

Shekara biyu ina jinyar Babanmu a nan Agege, kansar maƙogwaro ce, an yi masa gashi (radiotherapy, wato ƙona kansar da hasken na'ura) sati bakwai, kuma har yau in na je layin asibiti sai na ga 'yan uwanmu suna maimaita abin da ni na yi. Gashin wuya da kai yana ƙona gurbin da ke samar da yawu, shi ya sa baki ke bushewa ƙamas, tuwo ba ya haɗiyuwa, magana ma wahala.

Na farko shi ne bitamin. Wani ya ce min bitamin E da C suna kare jiki daga zafin gashi, na ruga kemis na sayo kwalba mai tsada, na yi ta ɗura wa Baba sati biyu ban faɗa wa likita ba, ranar da ta gani a leda wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Gashin nan yana kashe kansa ne ta hanyar lalata ƙwayoyinta, bitamin ɗin kuma aikinsa hana irin wannan lalacewar, to ai kana iya kare ita kansar ma kenan. A Kanada an gwada a kan mutum 540 masu kansar kai da wuya, sakamakon ya fito a 2005, waɗanda suka sha bitamin E mai yawa ciwon ya fi dawo musu, daga baya aka gano musamman masu shan taba lokacin gashin ne. Akwai ƙananan bincike da suka nuna yana ɗan taimaka wa yawu, amma don Allah wa zai sayi yawu da dawowar ciwo? Lemu da gwanda da ganye a ci, ba su ake magana ba. Kwalba kam, ka kai wa likita ya gani tukuna.

Na biyu shi ya fi cin raina. Baba ya ce baki ya bushe, ni kuma sai alawa, sai lemon kwalba, sai shayi mai sukari dare da rana, ina ganin tausayi ne. Ashe yawu ne ke wanke haƙora, babu shi ga sukari, cikin watanni haƙoransa suka ruɓe. Kuma cire haƙori bayan gashi ba wasa ba ne, ƙashin muƙamuƙi na iya ƙin warkewa. Haba jama'a, ku ga likitan haƙori KAFIN a fara gashi, ba bayan an shiga uku ba!

Yanzu ni dai gorar ruwa ba ta barin gefensa, kurɓi kaɗan-kaɗan, cingam marar sukari, man goge baki mai fulorayid da buroshi mai laushi. Miyar kuɓewa da ta kuka sun fi komai wuce masa, saboda yauƙin.

Goro da taba a ajiye. Ruwan kurkure baki mai barasa ƙara bushewa yake. Yaji da suya, a yi haƙuri. Farin abu a harshe kamar kindirmo ba datti ba ne, kar a kankare, magani ake ba da shi. Akwai ƙwayar pilocarpine da ke tsatso yawu, amma likita ke rubutawa, tana sa gumi sosai, mai asma kuma dole ya faɗa kafin a ba shi.