Kurakuran da masu zuwa kallon duwatsu da ruwayen bayan gari suka fi yi

Da wuya a sami ƙaramin garin da ba shi da wurin da ake kai baƙo ya gani: dutsen da ake hango gari duka daga samansa, ko tafki, ko kogo, ko matsirgar ruwa da ke zubowa daga tsauni. Yawancin masu zuwa lafiya lau suke komawa gida. Waɗanda suka gamu da matsala kuwa, in ka bi diddigi, za ka tarar tushen kuskurensu ɗaya ne, wato sun raina wurin saboda yana kusa da gari. Ba mai shiga babban daji ba shiri, amma dutsen da ake hangowa daga bakin hanya sai mutum ya tunkare shi da silifas da rabin robar ruwa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Rainin nan a lissafin lokaci yake fara bayyana. A fili ido yana ruɗi, abin da ka ɗauka tafiyar minti 20 ce sai ya ci maka awa 2. Tun 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar da ƙa'idar da ake amfani da ita har yau: awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Wannan lissafin mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa hutu, don haka in da yara ko dattawa a tafiyar sai a ƙara sosai. Gyaran shi ne a fita da sassafe, kuma tun daga ƙasa a tsayar da lokacin juyawa. Lokacin na cika a juya, ko da saura ƙiris a kai ƙololuwa. Mutane suna mance cewa saukowa ta fi hawa haɗari: gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida, rana kuma ta yi ƙasa.

Silifas da takalmi mai sulɓin ƙasa a bar su a gida, a sa sau-ciki mai kama dutse. Ruwan sha kuma a ɗauki fiye da yadda ake zato, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta yi tsanani. In wani ya fara jiri, ko ciwon kai, ko maganarsa ta soma rikicewa, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita. Rikicewar magana a cikin zafi alama ce ta gaggawa, asibiti ake nufa da shi.

Inda na fi son a tsaya a saurara shi ne batun ruwa, domin a nan ne kuskure ba ya ba da damar gyara.

Mutum yakan ɗaga kai ya ga gari garau, sai ya shiga kwazazzabo ko ya baje a busasshiyar korama. Ai ba ruwan da ke sauka a kanka ne ke kawo ambaliya ba, wanda ya sauka can sama ne, inda ba ka gani. A watan Agusta na 1997, a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka, ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11, alhali ruwan da ya jawo ta a nesa ya sauka. A 2018 kuma duniya ta ga yadda yara 12 da kocinsu na ƙwallo suka maƙale a kogon Tham Luang na Tailan, kogon da ba shi da nisa da garinsu, bayan ruwa ya toshe musu hanyar fita. Sai da aka haura mako 2 kafin a fito da su. Saboda haka da damina kada a shiga kogo ko matsattsen kwari in akwai alamar hadari a ko'ina a yankin. In kana bakin korama ka ga ruwa ya fara canza launi zuwa ja, ko yana tahowa da kara da ganye, ko ka ji wani rugugi daga sama, kada ka tsaya tattara kaya. Ka haura tudu nan take, ba ka bi kwarin da gudu ba, don ruwa ya fi ka sauri.

Haka batun ƙetare ruwa mai gudu. Wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. In ka zo komawa ka tarar mashigi ya cika, ka jira ya janye.

A matsirgar ruwa, dutsen da ke jiƙe kullum gansakuka ce a kansa, santsinta kamar sabulu, kuma ba koyaushe ido ke ganinta ba. Wuri mafi muni shi ne bakin sama, daidai inda ruwan ke faɗawa, kuma nan ne masu ɗaukar hoto suka fi so. Mai kallon waya ba ya kallon ƙafarsa, musamman mai ja da baya don hoton ya ɗauki kowa. Ka fara samun wurin tsayawa mai kyau, busasshe, nesa da gaɓa, sannan ka ciro wayar. Ƙasan matsirgar ma ba wurin iyo ba ne: ruwan wurin cike yake da kumfa, ba ya ɗaukar jiki, kuma yana juyawa ya mayar da mutum ƙarƙashi. Tsalle cikin tafkin da ba ka san zurfinsa ba shi ma ganganci ne, ko da bara ka yi ka fita lafiya, domin kowace damina tana kawo sabon dutse ko kututture. In wani ya nutse, wanda bai ƙware ba kada ya faɗa. A miƙa masa sanda, ko igiya, ko jarka mai murfi da za ta yi yawo a kan ruwa. Sau da yawa mai ceto da wanda za a ceta tare suke tafiya.

Kyan ruwa a ido kuma ba shaidar tsabta ba ne. A ƙasashe masu zafi ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ƙananan dodon koɗi ke yaɗawa, ta fata kuma take shiga, wanka kaɗai ya isa. Ruwan sha kuwa, in ya zama dole, a tafasa shi ya yi minti 1 yana tafarfasa.

Hadari na haɗuwa sai ka ga kowa ya ruga gindin bishiya. Babban kuskure ne. A watan Maris na 2017, a matsirgar Kintampo ta Gana, guguwa ta kayar da wata katuwar bishiya a kan masu wanka, mutum kusan 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Ga kuma tsawa, wadda ta fi faɗa wa abu mai tsayi da ke tsaye shi kaɗai. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga: kowane daƙiƙa 3 kafin ka ji ƙara kusan kilomita 1 ke nan tsakaninku. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ka sauka daga kan dutse, ka fita daga ruwa, ka nemi gini ko mota mai rufin ƙarfe. Bakin kogo da ƙarƙashin laɓɓan dutse ba mafaka ba ne. A jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe kafin a koma.

Duk wannan da na lissafa, mutanen wurin sun san shi tun kafin ka zo, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda baƙi ke wuce su ko sallama babu. Manomin da gonarsa ke gindin dutsen ya san gefen da ƙudan zuma suke, ya san hanyar da ta zaizaye, ya san ramin da ke cin mutane. Taswirar waya ba ta san ko ɗaya ba. Matambayi ba ya ɓata. Ka tsaya ka gaisa, ka nemi izini in hanyar ta ratsa gonar wani, ka tambaya ko akwai inda ba a so a taka ko a ɗauki hoto, in da hali ka ɗauki ɗan jagora ka sallame shi da kyau. Wayar ma a bayan dutse sabis yakan ɗauke, neman sabis ɗin kuma shi ke cinye caji. A sauke taswira tun a gida, a riƙe tocila daban.

Kan maciji, rigakafin mai sauƙi ne: kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba. In an yi sara, kurakuran da aka saba su ne ɗaure wurin tamau, tsaga shi, tsotse dafi, ko ɓata lokaci wajen farautar macijin. Ba ko ɗaya da ke taimako. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Birai da sauran namun daji kuma kada a ba su abinci, yana koya musu ƙwace da cizo.

Sai ɓarnar da mu kanmu muke yi wa wurin. Leda, fasasshiyar kwalba, sunan da aka rubuta da fenti a jikin dutsen da ya yi dubban shekaru ba tabo, duk suna ci mini rai. Kowa ya zo da leda guda ta shara ya koma da ita. Mai buƙatar kewayawa ya yi nisa da ruwa kamar mita 60, ya tona rami ya rufe, don akwai masu shan ruwan nan a ƙasa. Wuta kuwa a kashe ta da ruwa har tokar ta yi sanyi a hannu.

Kafin a fita, a gaya wa wani a gari inda za a, da hanyar da za a bi, da lokacin dawowa, da abin da zai yi in lokacin ya wuce. A hanya kada ayari ya rabu, a sa mafi rauni a gaba, babba guda a baya. Wanda ya ɓace ya tsaya inda yake ya riƙa kira, yawo ƙara nisanta shi zai yi da masu nemansa. A ƙirga mutane kafin hawa, a sake ƙirgawa kafin a tayar da mota, ana isowa kuma a kira wanda aka bar wa saƙo a ce masa an dawo.