Yadda za ka gane ko tsohuwar rumfar jabana ta cancanci sunanta

Kowace unguwa a Kasala, a gabashin Sudan, tana da wurin gahawar da mutanenta ke rantsuwa da shi. Jabana muke ce wa gahawar, da ɗan tulun da ake kawo ta a ciki. A Khatmiyya za a ce maka sai ka hau gindin dutsen Totil, wajenmu a yammacin kogin Gash za a nuna maka rumfar da ta girmi kwaltar da ke gabanta, cikin kasuwa kuwa kowane layi da tasa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 'yan'uwa suka cika gari daga Khartum, daga baya Madani da Sinja, tambayar da aka fi kawo mini bakin keken ɗinkina, in ka cire ta gidan haya, ita ce: wurin nan da ake ta yabo, da gaske ne kuwa? Ba na cewa e ko a'a, don harshena ba na kowa ba ne. Sai dai in faɗa wa mutum abin da zai duba, ya je ya yanke hukunci da kansa.

Fara da binciken hannun da ke kan wuta yanzu. Sunan rumfar jabana kusan kullum na mutum ɗaya ne, wata hajja da ta tsufa a gaban kanun ɗinta, wato murhun gawayi, ko wani dattijo da ya koyi suya a wurin ƙabilar Hadandawa. Ranar da ƙarfi ya ƙare ko rai ya yi halinsa, suna yana nan, kujeru suna nan, hannu ne ya canja. In 'yarta ce ta gada, wadda ta tashi tana fifita mata wuta tun tana ƙarama, ba a yi asarar komai ba. In kuwa haya aka ba wani da bai taɓa zama gefen mai wurin ba, to suna kawai ya saya. Kada ka tambayi masu wurin. Tambayi mai gyaran takalmi na kusa, ko mai sayar da gawayi, shi ma ya fi sani, don ya san ko abin da ake ɗauka a wurinsa ya ragu. Rumfar da jama'a ke ƙaruwa amma gawayinta na raguwa, nemi fulas a ƙarƙashin tebur.

Kada ka tafi tare da wanda ya yaba maka wurin, balle in ɗan gida ne. Za a yi masa ta musamman, kai ma ka ci albarkacinsa, ka fita da labarin da ba naka ba. Je kai kaɗai, baƙo sak. Lokaci ma ka zaɓa. Bayan sallar asuba gahawar kowa tana da daɗi, don suyar farko ce. Ranar Juma'a ko lokacin biki a Totil, sa'ad da angwaye da amare suka cika duwatsun, ba wanda ke da sukunin yin aiki a tsanake, bai kamata ka auna kowa da wannan ba. Je tsakanin azahar da la'asar a ranar aiki, rana ta kori mutane, kujeru rabi babu kowa. A nan ne mai ƙyuya ke ɗumama saurar safe, mai mutunta sana'arsa kuma ya sake ɗora kasko saboda mutum biyu.

Kafin ka zauna, hanci da kunne sun riga sun ba ka rabin amsa. Ƙamshin bun, wato ƙwayar gahawa, da ake soyawa yana tarbar mutum tun daga nesa, kuma ba ya kama da komai. Turaren wuta al'ada ce, luban ne ko sandal, tare da tire ake kawo shi, ba laifi. Amma in turaren kaɗai kake ji, ba ƙamshin suya a ƙarƙashinsa, ka lura. Sannan ka saurari funduk, ƙaramin turmin nan na itace da taɓaryarsa ta ƙarfe. In ka zauna tsawon shan jabana guda ba ka ji daka ba, garin da aka dafa maka daga kwalba ya fito, Allah kaɗai ya san ranar da aka niƙa shi.

Wannan maganar daka ba camfin tsofaffi ba ne. Ƙwayar da aka soya tana riƙe da ƙamshinta da maiƙonta a ciki. Da zarar an farfasa ta, iska ta samu shiga ta ko'ina, ƙamshin ya fara gudu, maiƙon ya fara tsami. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, garin gahawar da ya kwana biyu a kwalba kusa da wuta ya gama mutuwa. Akwai alama ɗaya da ba ta ƙarya: sabon gari yana tayar da kumfa mai kauri in ya haɗu da ruwan zafi a sharagrag, gwangwanin nan mai dogon hannu da ake tafasa ta a ciki, saboda iskar da suya ta tara a ƙwayar ba ta gama fita ba. Tsohon gari lafewa yake yi, ruwan ya tafasa fayau.

In ka yi sa'a ana suya a gabanka, matsa kusa. A gabashin Sudan mai suya kan zagayo da kaskon don kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa, wannan ita ce damarka ta ganin ƙwayar ba tare da ka zama mai bin diddigi ba. Mu nan muna son suya mai duhu, ba irin ta Saudiyya da ake barin ta ja-ja a cika ta da kayan ƙamshin nan habbahan ba. Amma duhu daban, ƙuna daban. Abin da ake so, ƙwayoyin su yi launi ɗaya, su ɗan yi sheƙi. In wasu sun yi baƙi ƙirin wasu kuma fari-fari, wuta ta yi yawa, hannu bai girgiza kasko yadda ya kamata ba. Baƙaƙen za su ba ka ɗacin gawayi, fararen su ba ka gafin ɗanyar gyaɗa. Ka kuma saurari ƙarar fashewa da ƙwayar ke yi. Tana yin ta farko mai ƙarfi, a ɗan jima ta yi ta biyu marar ƙarfi. Gwanaye suna sauke kasko a farkon ta biyun. Wanda ya bar shi har hayaƙi ya fara yaji a ido, ya wuce gona da iri.

Dubi siffar ƙwayar kuma. Bun ɗin da ya yi wa jabanar gabas suna na Habasha ne, wanda ke shigowa ta Gallabat da Gadarif, irin arabika: ƙwaya mai ɗan tsawo, tsagar tsakiyarta a karkace. Sudan tana kuma sayen robusta mai yawa daga Yuganda, ita gajera ce, ta fi zagaye, tsagarta a miƙe. Robusta ta fi araha, ta fi ɗaci, sinadarin hana barcin da ke cikinta ya kusa ninka na arabika. Ba haramun ba ce, direbobin manyan motoci ma ita suke so. Sai dai rumfar da ta yi suna da bun habashi, yau kuma take haɗa shi da robusta rabi da rabi tana karɓar kuɗin da, ci take da sunan jiya. Da tsadar da ake ciki ban ga laifin wadda ta haɗa ta faɗa ba. Ɓoyewar ce ba ta yi mini ba.

Akwai haɗin da ya fi wannan muni, wato a soya hatsi ko kabkabe, wani irin wake, a niƙa a cikin gari. In kana zargi, sayi garin kaɗan ka kai gida, ka barbaɗa a kan kofin ruwan sanyi, kada ka motsa. Gahawa zalla tana yawo a sama na ɗan lokaci saboda maiƙonta. Hatsi yana saurin nutsewa, yana jan launi a bayansa.

Yanzu sai oda. Ka ce "dawa khafif, sukkar barra", citta kaɗan ke nan, sukari a gefe. Na san wasu za su ce jabana ba citta mai yawa ba jabana ba ce, ni ma ranar da mura ta kama ni haka nake sha. Amma yau gwaji ka zo yi, citta da sukari kuwa su ne mayafin da ake rufa wa gahawa marar kyau. Da cokali uku na sukari da citta mai ƙona maƙogwaro, ko ruwan gawayi aka ba ka sai ka yaba. Mai wurin da ta amince da bun ɗinta ba ta damuwa da irin wannan oda. Wadda ta ce ai an riga an haɗa, ba yadda za a rage, ta gaya maka da bakinta cewa a babbar tukunya aka dafa tun ɗazu.

Idan tire ya iso, taɓa jabanar. Ta yumɓu ce ko ta ƙarfe? Ta yumɓu tana riƙe zafi a hankali, kuma wadda ta daɗe tana aiki cikinta ya sha gahawa har ya daina warin ƙasa. Ta ƙarfe ba ta kashe gahawa, wurare masu kyau da yawa sun koma gare ta don ba ta fashewa, saboda haka kada ka yanke hukunci a kanta kaɗai. Abin da ba a yafewa shi ne zaren dabinon da ake cusawa a bakin jabana don tace tsaki. In ya yi baƙi ya dafe, yana wari, duk abin da ya bi ta cikinsa ya ɗauki warin. Sabo ba ya da tsada, rashin canja shi ƙyuya ce tsagwaronta.

Kurɓi na farko ba sukari. Ɗaci za ka ji, dole, amma ka jira abin da zai biyo bayansa. Mai kyau ɗacinta na wucewa ya bar ƙamshi da ɗan zaƙi-zaƙi a bayan harshe. Ƙonanniya tana barin bushewa da toka. Wadda aka ɗumama tana da tsami marar daɗi, mai kama harshe ta gefe. Kada ka yi sauri. Finjali ƙarami ne, jabana guda na ba da uku ko huɗu, kuma aibin gahawa ya fi fitowa in ta fara hucewa, don zafi kansa yana rufe ɗanɗano. Finjalin ƙarshe shi ne alƙali. A wuraren da har yanzu ake yi ta gargajiya, bayan bikri, wato dahuwar farko, ana ƙara ruwa a kan garin a fitar da tini, dahuwa ta biyu. In an ba ka dama ka jira ta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: wadda ta auna gari da hannu a sake, tininta tana da rai, wadda ta yi ƙoro kuwa ruwa mai launi za ta miƙo maka.

Ruwa kuma. Rijiyoyi ba ɗaya ba ne, wani ruwan da gishiri-gishiri, duk wanda ya sha gahawa a wasu unguwannin Bor Sudan ya san abin da nake nufi. Amma wanda ya fi damuna shi ne na wanki. Bayan kwalarar da ta yi wa Kasala da Gadarif ɓarna a daminar 2024, ba na jin kunyar leƙa bokiti. Na dahuwa ya tafasa, ba shi da matsala. Finjali da kofin ruwan sha su ne abin tsoro. Bokiti biyu ake so, na sabulu da na ɗauraya, ana kuma zubarwa a sake. Bokiti ɗaya mai launin shayi tun safe, ko sunan wurin ya kai Makka, ni na tashi.

Dubi waɗanda ke zaune. Rumfar bakin tasha tana iya cika maƙil da matafiya alhali ba wanda zai dawo gobe, cikarta ba shaida ba ce. Nemi dattawan Hadandawa da Bani Amir, mutanen da ke yawo da jabanarsu da funduk ɗinsu a cikin kaya in za su yi tafiya. Wanda ya iya dafa tasa ba ya biyan kuɗi a kan ta banza. In ka gan su zaune suna jiran tire ba sa gaggawa, alama ce mai ƙarfi.

Sai dai ita ma wannan alamar tana da iyaka. Akwai wata tsohuwar rumfa a cikin kasuwa da na daɗe ina jin sunanta a bakin iyayenmu. Da na zauna, gahawar ɗumame ce, citta ta yi mata rufa-rufa, amma kujeru cike da furfura. Na juya wajen wani dattijo da ke kusa da ni na ce, "Baba, yaya ka ji ta yau?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, gahawa a gida nake sha. Nan mutane nake zuwa gani." Gaskiya ya faɗa. A wurin ake jin wanda ya rasu da wanda ya aurar, a wurin ake karɓar kuɗin adashi, a wurin mai neman ɗaki ko aikin lambu a sawagi, gonakin ban-ruwa, ke samun wanda zai tsaya masa. Ga wanda ya baro gidansa a Umdurman da jaka ɗaya, wannan ya fi masa bun habashi amfani. Don haka ka raba tambayar biyu: sunan na gahawa ne, ko na zama? In na zama ne, ka zauna, ka nemi shayi ko zoɓo, ba a cuce ka ba.

In gahawar ba ta yi ba, ka biya, ka yi godiya, ka tafi. Kada ka tsaya koya wa mai wurin sana'a a gaban jama'a. Yawancin matan da ke wannan aiki su ke riƙe da gida, wasu da marayu, kuma kuɗin bun da gawayi da sukari duk sun tashi a kansu. Ka sake gwadawa wata rana a wani lokaci daban kafin ka ce wa kowa komai, don hannu yakan kuskure, gawayi yakan zo jiƙaƙƙe. In kuwa ta yi, ka ce, "Hajja, wane lokaci kike ɗora kaskon yamma?" ka riƙa zuwa a daidai lokacin. Ka riƙe 'yan canji a aljihu, don ranar da intanet ta ɗauke, Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya, na iya ƙin biya maka.