Yadda Ake Gane Jar Giyar Inabin da Ta Tsufa da Kyau

Yaran da ke shigowa aikin otal a nan Jos, abin da nake fara gaya musu shi ne shekaru kaɗai ba sa gyara giyar inabi. Yawancin kwalaben da ke kantuna an yi su ne don a sha cikin 'yan shekaru. Masu jure ajiya kaɗan ne, irin su manyan Bordeaux na Faransa, da Barolo na Italiya wanda doka ta hana a sayar sai ya yi wata 38, da Rioja Gran Reserva na Sifen da ke yin shekara 5 kafin ya fito kasuwa.

Fara da kwalbar tun ba ka buɗe ba. Tana son a kwantar da ita a wuri mai duhu, sanyinsa kamar digiri 13. Mu kuwa kayanmu sun sha zafi a kwantena daga Legas, sun sha rana a bayan mota, don haka sanyin Jos ba zai dawo da abin da ya riga ya dahu a hanya ba. In ka ga toshiyar ta turo sama, ko giyar ta tsattsafo ta bushe a wuyan kwalba, zafi ya taɓa ta. Wannan na ba ni takaici, don mutum ya kashe kuɗinsa da yawa.

Tsayar da ita kwana ɗaya lakar ta kwanta a gindi, sannan ka zuba a hankali. Karkata kofin gilashin a kan farar takarda. Sabuwa ja ce wur har bakin kofi, tsohuwa kuwa gefenta yakan koma launin jan bulo.

Sai hanci. Wadda ta tsufa da kyau za ka ji busassun 'ya'yan itace, da ƙamshin fata, da na ƙasa in an yi yayyafi. In warin jiƙaƙƙen kwali ya bugi hancinka, toshiyar ce ta ɓata ta, a mayar kawai.

A baki ake yanke hukunci. Kurɓi kaɗan, ka juya ta ta taɓa dasashi. Sabuwar jar giya tana da bauri mai kame harshe irin na goro. Shekaru ne ke lausasa shi. Abin da nake nema shi ne baurin ya yi laushi, ɗan tsamin yana nan, kuma ɗanɗanon inabin bai gudu ba. In baurin da tsamin kaɗai suka rage, ta wuce lokacinta, ko da kwalbar ta fi kowace tsada. Bayan ka haɗiye ko ka tofar, lura da daɗewar ɗanɗanon a maƙogwaro. Mai kyau ba ta saurin ɓacewa.

Kada ka bar ta a buɗe awa da awa, tsohuwa ba ta jure iska. Ka kai wa baƙo da ɗan sanyinta, digiri 16 zuwa 18, ba da ƙanƙara ba.